Kyamarar da Ke Kallon Tsakiya

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce Indo ɗiyar Ladan mai hoto, na bakin kasuwar Rufa'a. Ku kuma da kuka daɗe tare da ni kuna rubuto mini cewa na cika zafi a kan mahaifina, ku ji na yau tukuna, sannan ku yi mini wa'azin.

A shekarar saba'in da tara muke. Ina da ashirin da huɗu, ba aure, a unguwar da sa'o'ina kowace tana goye da ɗaya tana jan biyu. Ba muni ne ya hana ni ba, wallahi, ko da ba ni ya kamata in faɗa ba. Manema sun zo. Mai hawasha, wato gonar auduga, a ƙetaren kogi, Baba ya ce auduga ba ta da tabbas. Direban lori mai zuwa Rusairis, ya ce ba ya zama gida. Malamin makaranta, ya ce ba a san kakansa ba. Kowa ya tafi yana cewa Malam Ladan akwai tsantseni. Ni da Iya kaɗai muka san gaskiya: Baba ba ya gani.

Ba makanta ce ta sanda ba. Yana gane ƙofa, yana gane hanyar masallaci, yana gane mutum da murya da tsayi. Amma yanar ido ta ci ƙarfinsa, in ya leƙa tagar kyamara bai san fuska ta fito ko ba ta fito ba. Iya ta yi ta roƙonsa ya je asibiti a Wad Madani har ta gaji, ya ce wani abokinsa da ƙafarsa ya shiga, aka jawo shi da hannu aka fito da shi, shi ba ya zuwa. Hoto kuwa duk aikinsa ido ne. Akwai gilashin gaba da muke kira adasa, da zobe a jikinsa. Kana leƙawa kana murza zoben har sai gashin girar mutum ya fito ɗaya-ɗaya, sannan a danna. Ni ke murzawa tun ina 'yar sha bakwai.

Za ku ce yaya aka yi gari bai gane ba? Baba dabara gare shi. Ya sanar a kasuwa cewa shi ya girma, ba ya ƙura wa matar wani ido ta gilashi, ɗiyarsa ce za ta riƙa dubawa, shi ya danna. Sai abin ya zame masa suna. Mazan da a da ba sa barin matansu su yi hoto suka riƙa kawo su har daga ƙauyuka, ana cewa shagon Malam Ladan shagon mutunci ne. Na maza kuwa, akwai kujera da aka kafe da ƙusa. Kowace safiya kafin a buɗe sai ya zauna a kai, in saita a fuskarsa, in ɗaure zoben da tsumman atamfa don kada ya motsa. In mata ko iyali sun zo sai in kwance. Haka muka rayu, ni tsakanin shago da ɗakin wanke hoto, yatsuna kullum suna warin magani, lalle ma ba ya kama su da kyau.

Adasa uku gare shi, ya saye su da kyamarar a hannun wani Bagirke da ya rufe shagonsa a Madani. A gwangwanin alewa yake ajiye su, kowace naɗe da ƙyalle. Doguwar, wadda ake ɗaukar fuska da ita, Bajamushe yake ce mata. Ban taɓa jin ya yi wa ɗayanmu magana da muryar da yake yi wa Bajamushe ba in yana goge ta.

Iya ba ta iya sauke haushinta a kansa, don haka a kaina take saukewa. In an yi buɗar aure a unguwa, ranar ba ni da sauƙi.

“Ke ma kin ji daɗin zaman ne. Da kin sa masa kuka da tuni ya sake ki.”

“Iya, in na tafi wa zai murza?”

“Ni na haife ki don murza gilashi?”

Jibirin shi ne na huɗu, kuma shi kaɗai ne zuciyata ta so. Ɗan unguwarmu ne, a wani shagon sayar da kyamara yake aiki a Jidda. Zuwansa hutu na farko ya shigo gaishe da Baba, ya tsaya yana kallon yadda muke aiki. Da yamma a zaure ya ce, “Indo, tun yaushe?” Na ce tun yaushe me? Ya ce, “Na miƙa masa hannu ya kama iska. Ba zan faɗa wa kowa ba.” Ranar na yi kukan da na daɗe ina bin kaina bashi. Da iyayensa suka zo tambaya, Baba bai sami aibin da zai laƙa masa ba, sai ya ce a dakata tukuna, ba wadda za ta duba masa mata a shago.

Muka dakata. Shi yana can, ni ina nan, sai kaset da yake aiko mini ta hannun masu dawowa. Rabin kaset ɗin gaisuwa ce, ya gaida Baba, ya gaida Iya, ya gaida har akuyarmu, sai can ƙarshe ya rage murya ya yi tawa maganar. A na ƙarshe ya ce, “Na ga wata kyamara 'yar Japan, sabuwar fitowa. Ita ke saita kanta. Ba zobe, ba murzawa, dannawa kawai. Zan zo da ita da Sallah. In ta shigo gidanku ba sauran dalili.” Iya ta sa na yi ta mayar mata da wurin nan har batir ya mutu.

Ran ƙaramar Sallah da la'asar suka zo, shi da Baffa Gambo, ƙanen mahaifinsa. Na sa tob, babban mayafinmu na nan, ruwan ƙwai mai zanen ganye a baki, wanda ya aiko mini, na turara shi tun safe. Iya ta ara mini 'yan kunnenta na aure. Shi kuma farar jallabiya, agogo mai sarƙa, ya yi ƙiba kaɗan, aski sabo. Na kai musu shayi da dabino, na koma bayan labule na tsaya da faranti a ƙirji.

Jibirin ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya miƙa wa Baba akwatin da hannu biyu. Baba ya fito da ita ya auna a tafinsa.

“Ba ta da nauyi.”

“Haka suke yin su yanzu, Baba.”

Ya shafa gabanta, ya kama adasar ya murɗa. Ba ta motsa ba.

“Ta ina aka kwance ta?”

“Ba a kwancewa, Baba. A manne take.”

Baba ya jawo gwangwanin alewa ya buɗe, ya warware Bajamushe, ya kara ta a gaban sabuwar kyamarar, ya jujjuya yana neman inda za ta kama. Ba wuri.

“To wagga fa, ina za ta shiga?”

“Fim ɗinku zai shiga, Baba. Ƙafar kyamararku ma za ta ɗauke ta. Adasa ce kawai ba za ta shiga ba. Na zaga shaguna na tambaya. Mai gidana ya ce ya ji masu ƙera su suna neman yadda za su yi babba, wadda za ta saita kanta kuma ta karɓi tsofaffin adasa, don kada mutane su zubar da kayansu. Amma ba ta fito ba tukuna. Kuma ya ce ko ta fito, tsohuwa shiga kawai za ta yi, murzawa sai da hannu.”

A bayan labule na ciji leɓe. Wa ya tambaye shi wannan ƙarshen? Allah ya ba ni mai gaskiya a ranar da nake neman wanda zai iya yin shiru.

“Wato in zubar da su,” in ji Baba.

Baffa Gambo bai san komai game da idon ba. Shi dai abin da gari ya sani ya sani. Ya kurɓi shayi ya ce, “Malam Ladan, wa ya ce ka zubar? Ka ajiye abinka. Kai ka ce ba ka kallon matan mutane, kuma mun yaba maka. To ga wadda ba sai an kalla ba. Khalas, shi ke nan, ɗiya ta huta, mu kuma a ba mu rana. Uwar yaron ga ta hana ni barci.”

Baba ya naɗe Bajamushe a ƙyallenta. An kama shi da maganar bakinsa, kuma ya sani.

“Ita da mi take gane wanda za ta kama?” ya tambaya.

“Tsakiya take kallo, Baba. Duk abin da ke tsakiyar hoto, a kansa take saitawa.”

“Tsakiya.”

“Tsakiya, Baba.”

“Kwayyis, ya yi,” in ji Baba. “Gobe mutane za su cika shago. Da ita zan yi aiki yini guda, ni kaɗai. Ɗiyata kada ta shigo, kada ta taɓa komai, tunda abin da za a gwada ke nan. In hotuna sun fito, Gambo, ka zo mu sa rana.”

Na koma ɗaki na faɗa kan angarib, gadonmu na igiya, ina dariya ina hawaye. Iya ta rufe ƙofa ta yi 'yar rawa da zani a hannu. Da kunnena na ji tambayar nan da amsarta, amma raina yana wurin kalmar rana, ban tsaya na yi tunani ba.

Washegari Jibirin ya zo da sassafe ya ɗora kyamarar a kan ƙafa, ya fuskantar da ita ga labulen bango, ya sa fim, ya nuna wa Baba maɓallin, ya tafi. Ba zai yini a gaban wanda yake neman ɗiyarsa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Labulen bangon namu zanen madatsar ruwa ne, da jirgin sama a bisa, wani mai fenti ya yi mana shi tun ina ƙarama. Duk gidan Bahaushe daga nan har ƙauyukan gabas za ka ga dam ɗin nan rataye a bango.

Na zauna a bayan ƙofar da ta haɗa shago da gida ina leƙe ta tsaga. Mutane suka yi ta shigowa cikin kayan Sallah, tob ja, tob kore, yara da sababbin takalma suna ɗingishi. Yanzu ku da kuke rungume juna a hoto ba za ku gane ba. Mu a lokacin miji da mata ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Shi ya tsaya can, ita can, a bar fili a tsakani wanda mutum zai iya wucewa. Uba da ɗan fari haka, suruka da matar ɗa haka. In akwai yara, maza su bi bayan uba, mata su bi bayan uwa. Tun da nake murza zobe filin nan bai taɓa damuna ba, don ni fuska nake nema, duk inda take.

Baba ya yi aiki ranar da fara'ar da na manta yana da ita. “Alhaji, matsa dama kaɗan. Hajiya, ke ma ɗan ƙara. Yauwa.” Ya danna, kyamarar ta yi ƙara. Har wasu samari biyu abokai da suka shigo riƙe da hannun juna, ya ce, “Ku buɗe, ku bar dam ya fito, shi mutane ka so.” Suka buɗe. Ni ina bayan ƙofa ina gode wa Allah da ya sanyaya masa zuciya.

Da safe na shiga ɗakin wanki. Na wanke fim, na shanya, na fara bugawa. Takarda ta farko na tsoma a magani ina kallo. Dam ya fara fitowa, dutse bayan dutse, har tsagar da fenti ya yi, har zaren da Iya ta ɗinke wurin da ɓera ya ci. Alhaji kuwa da matarsa, a hagu da dama, dishi-dishi, kamar ana hango su ta cikin hayaƙin murhu. Na ce ko hannuna ne. Na buga ta biyu, haka. Ta uku, haka. Duk inda mutum biyu suka tsaya, kyamarar ta bi ta tsakaninsu ta kama bango. Waɗanda suka zauna su kaɗai, 'yan kaɗan ne, sun fito tar, har gumin goshinsu.

Iya tana bakin ƙofa tana jira. Na miƙa mata guda. Ta kai ta haske, ta dawo da ita, ta kama hannuna ta matse.

“Ki ce sun fito.”

“Iya, gobe masu su za su zo karɓa.”

“Kafin gobe an sa rana. In an sa rana ba ya iya janyewa. Ki ce sun fito, ai ba gani zai yi ba.”

“A gaban kasuwa za a watsa masa su a fuska.”

“To ki zauna. Ki zauna har furfura ta fito miki kina tausayin mutumin da bai taɓa tausayinki ba.”

Yana zaune a kujerar ƙusa yana jan carbi. Ya ji motsina ya ɗago.

“Sun fito?”

Ku da kuke karantawa, na san da yawanku za ku ce da ke ce da kin bi maganar Iya. Ni ma na buɗe baki da niyyar haka. Amma na kalli hularsa da ya sa a karkace bai sani ba, na kasa.

“Ba su fito ba, Baba.”

Ya sauke numfashi a hankali. Bai ce kash ba. Bai tambayi me ya same su ba. Cewa ya yi, “Dam ɗin dai ya fito ko?”

Ban gaya masa ba. Iya ba ta gaya masa ba. Takardun suna hannuna, bai taɓa ko ɗaya ba.

“Baba, ka sani.”

“Ni na ƙera ta? Mutane sun tsaya yadda iyayensu sunka tsaya.”

“Samarin nan a manne suka shigo, kai ka raba su. Na mutum ɗaya duk sun fito, ga su.”

“Mutum ɗaya ba iyali ba ne. Iyali ka ciyar da shagon ga.”

“To a sake gwadawa. A ce su matso, ko a sa yaro a tsakiya.”

“Yini guda munka yi alkawali, an yi shi.” Ya ci gaba da jan carbi, sannan ya rage murya. “So kike a ja ni da sanda cikin kasuwar da na tsufa ana ce mini Malam? Yau an ce a zubar da adasa, gobe ni.”

Na tsane shi a lokacin, na faɗa muku ƙarara, kuma tausayinsa bai bar ni na ji daɗin tsanar ba.

Sai da aka kira duk iyalan nan aka sake ɗaukarsu da tsohuwar kyamara, ni ina murzawa. Baba ya riƙa ba su haƙuri yana cewa kayan zamani ne, yaro ya kawo da kyakkyawar niyya. Na gwada sa'ata da wata Hajiya, na ce, “Inna, da za ki ɗan matsa kusa da Alhaji.” Ta rufe baki da gefen tob ta ce, “In jingina da shi a rataye a bango jikokina suna gani? Ke don ba ki yi aure ba ne ba ki san kunya ba.” Matan da ke jira suka kwashe da dariya. Kafin sati labari ya zaga gari. A wurin masu shayi, a kan bantun, jirgin da ke ƙetare kogi, ana ta cewa Jibirin ya kawo kyamara daga Jidda wadda ba ta son mutane sai dam. Yara suna binsa suna cewa ya ɗauke su. Mahaifiyarsa ta daina amsa gaisuwar Iya.

Ya zo zaure da yamma, ba agogo, jallabiyar duk ta yamutse. Na shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba.

“Da na tsaya a shagon da na gani tun hoton farko,” ya ce. “Laifina ne.”

“Ba laifinka ba ne.”

“Indo, hanya ɗaya ta rage. Ki bar ni in gaya wa Baffa gaskiya. In dattawa suka san idon ne, za su zaunar da shi, a kai shi Madani, ko a samo masa yaron shago. Ba wanda zai yarda a riƙe ki saboda wannan.”

“In suka sani, gari ya sani. Duk wanda ya yabe shi da tsoron Allah zai ce ashe ƙarya ce. Ba mai sake taka shagon nan.”

“Ni ma gari yana mini dariya.”

“Kai za ka koma Jidda. Shi a nan zai mutu.”

Ya ce, “Inna ta rantse ba zan koma ba mata ba wannan karon. Na riƙe ta iya ƙarfina. Ki ce mini e kawai, yanzu in tafi wurin Baffa.”

“Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa ba.”

“Na yi. Shi ya sa nake roƙonki ki sake ni daga shi.”

Ban sake shi ba. Ya sa takalmansa, ya ce sai an jima, kamar gobe zai dawo. Da na shiga gida Iya ta kalle ni sau ɗaya ta gane, ta juya ta ci gaba da yaɗa kisra, wainarmu ta dawa, a kan tanda, ranar ko zagina ba ta yi ba.

Bayan sati biyu, ranar kasuwa da hantsi, shago cike da manoma masu jiran hoton kati, sai ga Baffa Gambo ya yi sallama. A bayansa wata budurwa cikin tob shuɗi, sabo fil, ko karin ninkinsa bai baje ba. Na san ta, Ramatu ce, ɗiyar ƙanwar mahaifiyar Jibirin. Lalle baƙi ƙirin har idon sawu, awarwaro suna ƙara, tana ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Baffa Gambo bai kalli inda nake ba.

“Malam Ladan, ma'alesh, ka yi haƙuri. Na so in kai ta Madani, uwayenta sun ce ba inda za a ɗauki ɗiyarsu sai nan, inda mace ka dubawa. Hoton fasfo ne. Ana son shi da wuri, jirgin ruwa ba ya jira.”

Ba wanda ya tambayi fasfon zuwa ina, kowa ya san amaryar Jibirin ce. Manoman da ke kan benci suka riƙa satar kallona.

“Ba komai, Gambo,” in ji Baba. “Allah ya sa albarka. Ke, zo ki duba.”

Na zo. Na zaunar da ita, na gyara mata tob ya buɗe goshi yadda 'yan fasfo suke so, na ɗaga haɓarta da yatsa. Ta ce a hankali, “Yaya Indo, ki yi mini mai kyau.” Ba da mugunta ta faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Mutum ɗaya ce, a tsakiya. Kyamarar Jibirin da ke kulle a ƙarƙashin gadon Baba da ta ɗauke ta ba tare da kowa ya sa ido ba.

Na ɗaura Bajamushe. Na sa ido a taga na murza zobe. Fuskarta ta taso daga hazo a hankali, kwalli, ɗan tabo a kumatu, gashin gira ɗaya-ɗaya. Kyakkyawa ce. Hannuna bai san yadda ake aikin banza ba, ya kai ta daidai ya tsaya. Baba yana gefena, yatsansa a kan maɓalli.

“Ya yi?”

Na murza zoben gaba ɗaya har ƙarshe, fuskar ta narke. Na ɗago na ja da baya.

“Baba, idona ya gaji yau. Ba na gani sosai. Ka duba da kanka.”

Ya juyo wajen muryata. “Ke, mi kike faɗi? Mace ce.”

“Haba, Malam Ladan,” in ji Baffa Gambo, da alama ya ga na isa a tausaya mini. “Ramatu ɗiyarka ce, a gabanka aka haife ta. Ni da uwayenta suka ba amana na yarda. Bar yarinyar ga ta huta, duba kawai mu tafi.”

“Gaskiya ne, Malam,” wani daga benci ya ce. “Duba mana, rana tana yi.”

Na taka zuwa ƙofar gida. Iya tana tsaye a bayanta, ta ji komai, ta matsa ta ba ni hanya. Ban shige ba, na tsaya a bakin ƙofar na juyo.

Baba ya sunkuya ya sa ido a taga. Ya miƙa hannu zai kama zoben, ya kama iska. Ya sake miƙawa, yatsunsa suka sauka a kan gilashin, suka bar masa shaida. Baffa Gambo ya daina murmushi, ya matso taki ɗaya yana kallon hannun.

“Malam Ladan,” ya ce a hankali, “yatsa nawa na ɗaga?”